Kiɗan Gem: Tsakanin Zelda, Final Fantasy VII, Minecraft da The Last of Us, Wanne Za Ka Fara Saukewa?

Duk wanda ya daɗe yana buga gem ya san wannan abin. An kashe na'ura, an ajiye fad, an shiga sabgogin yau da gobe, amma wani ɗan kari yana nan maƙale a kai, sai mutum ya tsinci kansa yana rera shi a hanyar kasuwa. Shekaru sukan shuɗe har a manta yadda labarin gem ɗin ya ƙare, amma da zarar sautin farko ya bugi kunne, sai wurin da aka ji shi ya dawo sabo fil. Shi ya sa yanzu mutane da dama suke neman kiɗan shi kaɗai, su zuba a waya su riƙa ji a mota, ko a wajen aiki, ko lokacin karatu. Sai dai kundayen suna da yawa, data ba a bakin hanya ake tsintarta ba, kuma ba duk kiɗan da ya yi daɗi a cikin gem ne yake riƙe daɗinsa idan an raba shi da gem ɗin ba.

Kafin a zaɓa, ya kamata a san abin da yake sa kiɗan ya zauna a kai tun farko, domin dalilan biyu ne, kuma ba hanya ɗaya suke bi ba. Na farko shi ne maimaici haɗe da sa hannu. Fim awa biyu ne ya ƙare, kai kuma ɗan kallo ne. Gem kuwa yana iya cin awa 40 ko fiye, kiɗan gari ɗaya za ka ji shi sau ba adadi, kuma duk lokacin da kake jin sa kai ne kake tafiyar da al'amarin. Tsoron naka ne, faɗuwar taka ce, nasarar ma taka ce, sai kiɗan ya manne da abin da hannunka ya yi. Dalili na biyu ƙarfin karin ne shi kansa. Tsohuwar na'urar NES ta kamfanin Nintendo hanyoyin sauti 5 kacal gare ta, kuma uku daga ciki aka fi dogara da su wajen fitar da kari. Mai tsara kiɗa a wancan zamani ba shi da tarin makaɗan da zai ɓuya a bayansu, dole karin ya tsaya da ƙafarsa. A cikin wannan ƙunci Koji Kondo ya tsara kiɗan Super Mario Bros. a 1985, wanda a 2023 Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya shigar da shi cikin jerin sautukan da ƙasar take adanawa don tarihi, kuma shi ne kiɗan gem na farko da ya samu wannan matsayi.

To tambayar da ya kamata ka yi wa kowane kundi kafin ka ƙona masa data ita ce: idan aka cire wasan, me ya rage? Wani kundin kusan duk ƙarfinsa daga dalili na farko yake, wanda bai buga gem ɗin ba ba zai gane abin da ake ta zuzutawa ba. Wani kuma yana tsayawa ko da ba ka taɓa riƙe fad ba.

Bari in fara kawar da waɗanda muka fi sani gefe. Yawancinmu ta ƙwallo da GTA muka shiga duniyar gem, a shagunan da ake biya a buga. Waƙoƙin FIFA, wanda tun 2023 ya koma EA Sports FC, da na tashoshin rediyon GTA, ba don gem ɗin aka yi mafi yawansu ba. Waƙoƙin kasuwa ne da kamfani ya biya kuɗin lasisi ya ɗebo. Ba na raina su. A GTA IV na 2008 akwai tashar IF99 da Femi Kuti yake gabatarwa, ana sa kiɗan mahaifinsa Fela a ciki. Amma abin da kake ji idan ka sake sauraron waƙoƙin FIFA na wata shekara, ƙwaƙwalwarka ce take dawo maka da shagon da abokan hamayyar, ba waƙar ce ta ƙunshi gem ɗin ba. Ga kuma zagi da batsa da suka cika da yawa daga waƙoƙin rediyon GTA, abin da ba za ka so ya tashi a lasifikar waya a gaban iyaye ko yara ba. Lasisin ma yakan ƙare: kamfanin Rockstar, mai GTA, ya cire wasu waƙoƙi daga GTA San Andreas da GTA IV a bugun baya saboda haka. Don haka kwatancen nan na kiɗan da aka zauna aka tsara ne musamman domin gem ɗinsa.

Idan maganar zama a kai ake yi, ban san gem ɗin da ya kai The Legend of Zelda: Ocarina of Time dabara ba. Ya fito a 1998 a na'urar Nintendo 64, kuma Kondo ɗin nan ne dai ya tsara kiɗansa. Yaron da kake sarrafawa yana da wata 'yar sarewa, kai kuma kake busa ta da madannan fad, sautuka 5 ne, kowanne da madanninsa. Waƙoƙi 12 ake koya maka a tsawon labarin, kuma kowace tana da aikinta. Akwai wadda take kiran dokinka, akwai mai juya dare ya zama rana, akwai mai saukar da ruwa, akwai masu ɗauke ka su kai ka wani wuri mai nisa. Idan ba ka haddace ba, ƙofa ba za ta buɗe ba. Waƙoƙin farko-farko an gina su ne a kan sautuka uku da kake maimaitawa sau biyu, sai gem ɗin ya karɓa ya ƙarasa sauran karin. Wato Kondo ya sa yatsunka sun yi haddar kafin kunnenka ya gama sabawa. Wanda ya buga wannan gem yana yaro, har yau idan ya ji Song of Storms, waƙar nan mai saukar da ruwa, yatsansa yakan motsa shi kaɗai.

Akwai wata dabarar kuma a babban filin da ke tsakiyar ƙasar. Kondo ya san za ka ratsa shi sau da yawa, sai bai yi masa kiɗa ɗaya doguwa ba. Ya yanka shi gunduwa-gunduwa, gem ɗin yana jera su yadda ya ga dama, kuma yana sauya su gwargwadon abin da kake yi. Idan ka tsaya cak kiɗan ya lafa, idan abokin gaba ya matso ya ɗauki zafi.

Amma duk wannan kyan a cikin wasan yake. A kundi, da yawa daga cikin waƙoƙin gajeru ne ƙwarai, wasu ba su wuce daƙiƙoƙi ba, domin an yi su ne su riƙa zagayawa suna dawowa yayin da kake wasa. Sautin kayan kiɗan kuma an matse shi ne don ya shiga kaset mai megabayit 32 tare da dukan gem ɗin, saboda haka kunnen da ya saba da kiɗan zamani zai ji shi a bushe. Ƙari a kan haka Nintendo ba kasafai take sakin kiɗanta a Spotify da makamantansa ba. A 2024 ta buɗe tata manhajar, Nintendo Music, wadda sai mai biyan kuɗin Switch Online, tsarinta na intanet, yake shiga. Ga wanda bai buga ba, wannan shi ne na ƙarshe cikin huɗun da zan ce ya sauke. Shawarata a kansa ita ce a nemi hanyar buga gem ɗin, a bar kundin tukuna.

Akwai kuma abin da ya dace mai sauraro Musulmi ya sani. A kasetin farko-farko, kiɗan wurin da ake kira Fire Temple yana ɗauke da wasu muryoyi da aka ɗebo daga tarin sautukan da kamfanoni suke saye, kuma muryoyin na zikirin Musulunci ne. Nintendo ta cire su daga bugun da suka biyo baya, amma tsohon yana nan yana yawo a YouTube, don haka a duba wanda ake ɗauka. Ba a kansu kaɗai irin wannan ta faru ba. A 2008 Sony ta ɗage fitar da LittleBigPlanet, ta janye faya-fayan da aka riga aka rarraba, bayan an gano cewa wata waƙar Toumani Diabaté, shahararren makaɗin kora (wani abin kiɗa mai tsirkiya) na Mali, da aka saka a ciki tana ɗauke da jimloli biyu daga Alƙur'ani.

Final Fantasy VII, wanda kamfanin Square ya fitar a PlayStation ta farko a 1997, shi ne wanda zuciyata ta fi karkata gare shi, kuma zan faɗi dalili. Nobuo Uematsu, wanda shi ya koya wa kansa kiɗa ba tare da makaranta ba, ya yi wa manyan mutanen labarin abin da mu muka sani da take. Kamar yadda ɗan dambe yake jin kalangu ya sauya ya san shi ake kira tun kafin a ambaci sunansa, haka kowanne a cikinsu yake da karinsa, kuma karin yana bin sa duk inda labarin ya kai shi. Aerith tana da nata, Tifa tana da nata, Barret, Cid, Red XIII, kowa da nasa, har mugun labarin, Sephiroth, wanda tun kafin ka gan shi ido da ido kana jin ƙararrawa da bugu mai nauyi duk lokacin da inuwarsa ta gifta.

Amfanin wannan tsari yana fitowa ne a inda labarin ya yi tsanani. Akwai wurin da aka yi babban rashi, nan take kuma aka jefa ka faɗa da wani dodo. A ko'ina cikin gem ɗin, faɗa yana zuwa da kiɗansa mai sauri mai tayar da jini. A wannan wuri kaɗai sai aka bar taken wadda aka rasa ya ci gaba a hankali, kana kai sara kana karewa, kiɗan kuma yana makoki. Mutanen da suka buga wannan a 1997 yanzu sun zama iyaye, amma da yawansu sautuka ukun farko na karin sun isa su sa su yi shiru. Akwai kuma lokacin da ka fita daga Midgar, birnin ƙarfe da hayaƙi da ka shafe awowi a cikinsa ba ka ga sarari ba. Kana taka waje sai babban taken gem ɗin ya buɗe, doguwar waƙa mai fiye da minti 6, mai faɗi kamar filin da ke gabanka, amma da wata damuwa a ƙarƙashinta da take nuna maka tafiyar ba ta daɗi ba ce zalla.

Abin mamaki shi ne da me aka yi duk wannan. PlayStation tana iya kunna kiɗan da aka naɗa kai tsaye daga faifai, amma Uematsu ya zaɓi na'urar sautin da ke cikinta, domin kada a riƙa jira ana loda kiɗa duk lokacin da aka shiga faɗa. Hanyoyin sauti 24 gare ta, aka ware 8 don ƙarar takubba da fashe-fashe, aka bar masa 16. Don haka gogen Turawa da ƙaho da fiyanon da kake ji duk kwaikwayo ne na na'ura. Wuri ɗaya aka sa muryar mutane, a faɗan ƙarshe, a waƙar One-Winged Angel, inda 'yan amshi suke rera baitocin Latin da aka ɗebo daga tsofaffin waƙoƙin Carmina Burana. Wannan waƙar ce ta fi shahara a wajen gem ɗin, kuma ana yawan kaɗa ta a manyan zaurukan kiɗa na duniya.

Aibin kundin girmansa ne. Waƙoƙi 85 ne a faya-fayai 4, fiye da awa huɗu. A matsakaicin inganci, minti ɗaya na kiɗa yana cin kusan megabayit ɗaya, don haka kana maganar sama da megabayit 250 ke nan, kusan ninki huɗu ko biyar na Minecraft ko The Last of Us. Ba duka ne kuma gwanaye ba. Akwai na tseren tsuntsaye, na wurin shaƙatawa, na barkwanci, waɗanda a cikin wasa suna da muhalli amma a kunne kawai cike gurbi ne. Yanayinsa kuma ba ya zama wuri ɗaya, yanzu ana lallashi, an jima an ɓarke da ganguna. Wanda yake son abin da zai sa ya yi karatun jarrabawa, wannan zai riƙa fizgar hankalinsa. Kundi ne na doguwar tafiya, irin ta Kano zuwa Legas ko Zinder zuwa Yamai, inda kake da lokacin bin sa kamar labari.

Minecraft ya bi hanyar da ta saɓa wa waɗannan biyun gaba ɗaya. Daniel Rosenfeld, wani Bajamushe da aka fi sani da C418, ya fuskanci matsalar da Kondo da Uematsu ba su da ita: gem ɗin ba shi da labari. Ba wanda ya san ko mai wasan yana gina gida ne, ko yana haƙa rami, ko ya ɓata a daji. Ba zai yiwu a ce ga kiɗan murna a nan, ga na baƙin ciki a can ba. Sai ya tsara kiɗa mai taushi, fiyano a hankali da sautukan na'ura masu shimfiɗa, wanda bai tilasta maka jin komai ba, gem ɗin kuma yana sako shi jefi-jefi bayan dogon shiru. Kana cikin aikinka, ba ka tsammani, sai fiyano ya shigo. Duk abin da kake yi a wannan lokacin sai ya zama kamar don shi aka sa kiɗan. Shi ya sa mutum goma za su ji waƙarsa mai suna Sweden, kowa ya tuna abu daban, kuma kowa ya rantse cewa waƙar tasa ce.

Kundin farko, Volume Alpha, ya fito a 2011 da waƙoƙi 24, kusan awa ɗaya. A 2025 shi ma ya shiga wancan jeri na Laburaren Majalisar Dokokin Amurka. Na biyun, Volume Beta na 2013, ya fi shi tsawo nesa, kuma ya fi shi duhu. Gem ɗin ya sayar da fiye da kwafi miliyan 300, yana kuma kan waya, don haka cikin huɗun nan shi ne wanda ƙannenmu da 'ya'yanmu suka fi yiwuwar sun riga sun san kiɗansa.

Ga mai karatu, ko tela a kan keke da dare, ko mai aikin kwamfuta, babu kamarsa a cikin huɗun, domin an yi shi ne daga tushe don ya zauna a bayan wani aiki. Ba waƙa da baki, ba tashin ganga kwatsam. Amma a san iyakarsa. Taushinsa ya sa hayaniya tana cinye shi, a cikin Keke Napep ko kusa da janareta ba abin da za ka ji sai ɗan ƙyas-ƙyas. Yana son iyafis da wuri mai natsuwa. Wasu kuma yana saukar musu da kewa marar dalili, ko ya sa su gyangyaɗi. Idan kai mai son kiɗan da zai ɗaga ka ne, za ka ce ba abin da yake faruwa a cikinsa, kuma ba za a ce ka yi ƙarya ba.

Na huɗun, The Last of Us na kamfanin Naughty Dog, ya fito a PlayStation 3 a 2013. Labarin wani mutum ne mai suna Joel da ya rasa 'yarsa, da wata yarinya mai suna Ellie da aka damƙa masa, suna ratsa Amurka bayan annoba ta rusa ta. Gustavo Santaolalla, ɗan Ajantina wanda ya ci kyautar Oscar sau biyu a jere a kiɗan fim, shi aka kira, kuma mutum ne da ba ya rubuta kiɗa a takarda, da kunne da hannu yake aiki. Babban karin gem ɗin ya kaɗa shi ne da ronroco, wani abin kiɗa mai tsirkiya 10 daga yankin tsaunukan Andes na Kudancin Amurka, ya haɗa da jita da ya sassauta wa tsirkiyu don muryarta ta yi ƙasa.

Wannan ne kundin da ya fi sauran tsayawa shi kaɗai, kuma dalilin a fili yake. Hannun mutum kake ji a kan tsirkiya. Kana jin yatsa yana zamewa, kana jin inda sauti ya mutu kafin wani ya taso, kana jin gurbin da aka bari da gangan. Ba ka bukatar sanin ko wane ne Joel ko Ellie kafin ka gane cewa wanda yake kaɗa wannan yana maganar rashi ne da haƙuri. Kunnen da ya tashi da kiɗan tsirkiya ba zai ji shi baƙo ba. Akwai kari ɗaya mai suna All Gone da yake dawowa sau da yawa a kundin, kowane zuwa da kayan kiɗa daban da nauyi daban, kuma bin waɗannan sauye-sauyen kaɗai ya isa dalilin sauraro.

Inda yake da matsala shi ne gem ɗin na ban tsoro ne, don haka a tsakanin waƙoƙin masu taushi akwai waɗanda aka yi don lokacin ɓuya da gudu: bugu, ƙarar gogayya, sautin da yake tayar da tsigar jiki. Waɗannan sai dai ka tsallake su ko ka cire su daga jerinka. Nauyinsa kuma ba na kowace rana ba ne. Wanda yake cikin damuwa, ban ga amfanin ya kwana da shi a kunne ba. A kuma bambanta kundin da gem ɗin: kundin ba kalma a cikinsa, kowa yana iya ji, amma wasan kansa akwai zubar da jini sosai, ba na yara ba ne.

Za a ce ina sauran gem irin su Journey da Civilization IV? Kiɗan Journey na 2012, wanda Austin Wintory ya tsara, shi ne kundin gem na farko da aka sa a takarar Grammy, babbar kyautar kiɗa ta Amurka, a rukunin kiɗan fina-finai, kuma wanda ya ji daɗin The Last of Us zai iya bin sa da shi. Civilization IV na 2005 kuwa waƙa ɗaya ce ta ɗauke shi, Baba Yetu ta Christopher Tin, wadda ta ci Grammy a 2011 a naɗin da aka yi da mawaƙan Soweto Gospel Choir. Da Swahili aka rera ta, kuma kalmominta Addu'ar Ubangiji ce ta Kirista. Ga 'yan'uwanmu Kirista wannan ƙarin daraja ne gare ta, Musulmi kuma ya dace ya san abin da yake rerawa kafin ya ɗauke ta a baki. Amma waƙa ɗaya ba kundi ba ce, shi ya sa ban jera ta da huɗun ba.

Yanzu ga yadda zan raba su. Idan ba ka buga ko ɗaya a cikinsu ba, kuma abu ɗaya za ka sauke, ɗauki The Last of Us. Bai kai awa ɗaya ba, ba zai cinye maka data ba, kuma shi ne wanda bai jingina da tunanin wasa ba ko kaɗan. Idan kuwa abin da kake nema abokin aiki ne, wanda za ka kunna kullum ba tare da ya shiga tsakaninka da littafi ba, to Volume Alpha ya fi shi dacewa, ko da yake The Last of Us ya fi shi taɓa zuciya. Waɗannan biyun ba kishiyoyi ba ne sosai, ɗaya na sauraro ne, ɗaya na zama tare. Ocarina of Time kuwa na wanda ya riga ya busa sarewar ne. Shi wannan ba ya bukatar shawarata, ya san abin da yake nema.

Final Fantasy VII ne yake bukatar ƙarin bayani, domin nau'insa ya yi yawa a intanet, kuma mutum yana iya sauke wanda ba shi yake nufi ba. Akwai na asali na 1997 mai waƙoƙi 85. Akwai na Remake, wato gem ɗin da aka sake yi sabo a 2020, inda Masashi Hamauzu da Mitsuto Suzuki da wasu suka sake gina karin Uematsu da sautin zamani. Yana da armashi ƙwarai, amma ya fi na asalin ma girma, ga shi ɓangaren Midgar kaɗai ya ƙunsa, kuma kari ɗaya yakan zo a siga uku ko huɗu saboda yadda gem ɗin yake sauya kiɗa a tsakiyar faɗa. Akwai na Distant Worlds, taron makaɗan da Arnie Roth yake jagoranta tun 2007, sai dai shi ya haɗa waƙoƙi ne daga dukan jerin Final Fantasy, ba na bakwai kaɗai ba. Akwai kuma na fiyano zalla da ya fito a 2003, wanda shi ne kaɗai a cikinsu zan yarda a yi karatu da shi.

Ga sabon shiga, wanda nake ba da shawara shi ne Reunion Tracks, da ya fito a 1997 ɗin dai. Faifai ɗaya ne, an tsamo fitattun waƙoƙin an bar na cike gurbi, sannan Shiro Hamaguchi ya sake tsara uku daga ciki don cikakken taron makaɗa na gaske: babban taken gem ɗin, taken Aerith, da One-Winged Angel. A nan za ka ji sautin na'urar 1997 da sautin makaɗa masu rai a faifai ɗaya, ka gane da kanka wanne kunnenka ya fi so kafin ka sa data a kan awa huɗun.